Maza 11 a Kan Ƙarfe: Hoton 1932 da Ya Yi Kasuwa a Firam, Ya Bar Takardarsa a Baya

Duk wanda ya taɓa leƙa wurin masu sayar da tsofaffin hotuna a cikin firam, a shago ko a intanet, da wuya bai yi karo da wannan ba. Maza 11 sun jeru a kan wata doguwar azarar ƙarfe, ƙafafunsu na reto a sarari, birnin Niyok yana can ƙasa cikin hazo, ana hango filin shaƙatawa na Central Park a bayansu. Biyun da ke ƙarshen hagu sun haɗa kai suna kunna taba. Na tsakiya suna fama da kwalayen abinci. Na ƙarshe a dama ya riƙe kwalba, ya zuba wa mai hoto ido. Babu wanda ya ɗaura igiya a ƙugu.

Sunan hoton "Lunch atop a Skyscraper", wato cin abincin rana a ƙolin dogon bene. Ana rataye shi a ofisoshi da gidajen abinci da shagunan aski da falon gidaje. Kamfanin dillancin hotuna na Corbis, wanda ya riƙe shi sama da shekara 20, ya ce a duk tsofaffin hotunan da ke hannunsa babu wanda ya kai shi ciniki. Don haka in ana so a gane yadda sana'ar sake buga hotunan tarihi take, da abin da mai saye yake kaiwa gida a zahiri, wannan hoto ya isa misali. Abin da labarinsa ya nuna shi ne hoto da bayaninsa ba sa tafiya tare. Hoton ya yi gaba, ana ta buga shi. 'Yar takardar da za ta faɗi wanda ya ɗauka, da waɗanda aka ɗauka, da inda aka ɗauka, ita ce ta maƙale a hanya.

Ranar da aka jera su

An ɗauki hoton ranar 20 ga Satumba, 1932, a hawa na 69 na ginin RCA, mafi tsawo a rukunin gine-ginen Rockefeller Center da ke tsakiyar Manhattan. Daga inda suke zaune zuwa titi akwai kimanin mita 260. Ya fara fitowa ranar 2 ga Oktoba na shekarar, a shafukan Lahadi na jaridar New York Herald Tribune.

Amurka a lokacin tana tsakiyar mummunar karayar tattalin arziki. Kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, kuma zuwa 1932 kusan mutum 1 cikin 4 na ma'aikatan ƙasar yana zaune babu aiki. John D. Rockefeller ƙarami ya karɓi hayar filin daga Jami'ar Columbia tun kafin rushewar, da shirin a gina sabon gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa. Da kasuwa ta faɗi sai masu opera suka janye a Disambar 1929, suka bar shi da fili da kuɗin haya a wuya. Ya ci gaba da gini da aljihunsa. Sai kuma matsalar 'yan haya ta taso: wa zai kama ofis a sabon bene, alhali ga ginin Empire State da aka buɗe a Mayun 1931 galibin ofisoshinsa babu kowa? Dole a yi talla. Aka gayyato masu hoto, aka hau da su sama, aka jera ma'aikata.

Ma'aikatan na gaskiya ne, aikin ƙarfen ginin suke yi. Zaman ne aka shirya. Shaidar tana cikin sauran hotunan ranar: akwai wanda suka kishingiɗa a kan ƙarfen kamar masu barci, akwai wanda suke ɗaga huluna, akwai wanda ake jefa ƙwallo. Wasu masu nazarin hoton ma na ganin akwai daɓen wani hawa kusa da su a ƙasa, kusurwar kamara ce ta ɓoye shi. Wannan bai rage wa mutanen komai ba, don aikinsu na kullum ya fi wannan zama haɗari. Amma mai sayar da firam da ya rubuta cewa an kama su ne ba su sani ba suna cin abinci, ya haɗa wa mai saye da labarin da bai faru ba.

Tallar kuwa har yau tana ci. A Disambar 2023 masu ginin suka kafa irin wannan ƙarfe a hawa na 69 don 'yan yawon buɗe ido: mutum ya sayi tikiti, ya zauna, a ɗaure shi da bel, inji ya ɗaga shi sama kaɗan, a ɗauke shi hoto.

Hannayen da ya bi

Asalin hoton farantin gilashi ne, nagetif, wanda fari ke fitowa baƙi a kansa, baƙi ya fito fari. Daga shi ake wanke hoto a takarda. Gilashin yana cikin kayan kamfanin dillancin hotuna na Acme Newspictures. Kamfanin United Press ya saye Acme a farkon shekarun 1950, sannan ya haɗe da International News Service a 1958 aka sami UPI. A 1984 tarin hotunan UPI ya koma ƙarƙashin taskar Bettmann.

Shi Otto Bettmann ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana cikin waɗanda suka mayar da tsohon hoto hajar kasuwa. An haife shi a Leipzig ta Jamus a 1903, yana aikin kula da tsofaffin littattafai a wani ɗakin karatu na gwamnati a Berlin, 'yan Nazi suka kore shi daga aiki saboda Bayahude ne. Ya iso Niyok a 1935 da manyan akwatuna 2 cike da hotuna da zane-zane da nagetif. Ya zo a sa'a: a 1936 aka fara buga mujallar Life mai dogaro da hotuna, masu buga littattafai da masu talla suna ta neman hoton tarihi. Dabararsa ita ce ba ya sayar da hoton kansa. Hayar sa yake bayarwa: ka biya, ka buga sau ɗaya, ka dawo da kayansa. Hoto ɗaya sai ya ciyar da mai shi shekara da shekaru. A kan wannan tsari sana'ar take har gobe, sai dai yanzu fayil ake turawa maimakon ambulan.

Bettmann ya sayar da taskarsa a 1981. A 1995 ta faɗa hannun Corbis, kamfanin Bill Gates. Akwai abin dariya a nan. Gates ya kafa kamfanin a 1989 da sunan Interactive Home Systems, da tunanin cewa nan gaba mutane za su daina rataye hoton takarda, za su liƙa allon kwamfuta a bango, hotuna su riƙa canzawa a kai. Wannan kasuwa ba ta buɗe yadda ya zata ba, kamfanin ya koma bayar da lasisin hotuna ga jaridu da masu talla da masu buga fosta. Tsohon hoton da ya fi kawo masa ciniki kuwa, a takarda mutane suka fi son sa, cikin katako da gilashi, da ƙusa a bango.

A Janairun 2016 Gates ya sayar da sashen hotunan Corbis ga wani reshe na kamfanin Visual China Group na ƙasar Sin, aka kuma ba kamfanin dillancin hotuna na Getty Images damar rarraba su a sauran duniya. Shi ya sa yau za ka ga an rubuta Bettmann da Getty a gefen hoton.

A lissafa: Acme, United Press, UPI, Bettmann, Corbis, sannan masu shi na yanzu. A kowane sauyin hannu ana sake ambulan, ana sake lamba, ana sake buga bayani. Ga kuma al'adar kamfanonin dillanci na shekarun 1930, waɗanda sunan kamfani suke sawa a ƙasan hoto, mai kamara kuwa ma'aikaci ne kawai da ya karɓi ladansa ya wuce. Tun daga nan sunan ya fara salwanta.

Asalin yana ƙarƙashin ƙasa, kuma a fashe

Lokacin da Corbis ya karɓi taskar, tana jibge ne a wani ofis a titin Broadway, cikin zafi da laima irin na birni. Nagetif na roba, musamman irin na asitet da aka yi amfani da shi shekaru da dama a ƙarni na 20, yana ruɓewa a hankali: ya fara warin tsami, ya takure, ya yi ƙuraje, hoton ya lalace. Zafi da laima ke hanzarta abin, sanyi ke taka masa birki. Da shawarar masanin adana hotuna Henry Wilhelm, a tsakanin 2001 da 2002 aka kwashe kayan, hotuna da nagetif sama da miliyan 11, zuwa ma'ajiyar kamfanin Iron Mountain da ke Boyers a jihar Pennsylvania. Tsohon ramin haƙar dutsen farar ƙasa ne, mita 67 a ƙarƙashin ƙasa. Shirin shi ne a sauke sanyin ɗakin har zuwa digiri 20 ƙasa da sifiri.

An yi surutu a lokacin. Masu bincike da editocin hotuna suka ce binne tarihi aka yi, domin abin da aka riga aka yi wa sikanin bai kai kashi 2 cikin 100 na taskar ba. Masu kare matakin suka ce in an bar kayan a Broadway, nan da wasu shekaru babu abin da za a bincika. Duka ɓangarorin da gaskiyarsu. Abin da ya shafi masu firam shi ne wannan: hoton da aka yi wa sikanin shi ake gani, wanda ake gani shi ake saye, wanda ake saye shi ake ƙara bugawa. Haka 'yan hotuna kaɗan suka mamaye bangwayen duniya, miliyoyi suna kwance a sanyi ba wanda ya san da su.

Gilashin maza 11 yana can cikin ramin, ya fashe gida 5. Ba a ɗora shi a injin wanki a fitar da fosta. Abin da ke yawo a kasuwa daga kwafin da aka ɗauka kafin fashewar ya samo asali, ko daga kwafin kwafi. In mai shago ya ce maka daga ainihin nagetif aka wanke nasa, tambaye shi wane nagetif.

Wa ya ɗauka?

Shekaru da dama fostoci da firam suna fita da sunan Lewis Hine, wasu har da cewa ginin Empire State ne. Ana iya gane inda kuskuren ya fito. Hine ya yi suna da hotunan ma'aikatan ƙarfe da ya ɗauka a Empire State a 1930 da 1931, to duk hoton mutum a kan ƙarfe a sararin Niyok sai a jingina masa. Amma an buɗe Empire State fiye da shekara guda kafin ranar wannan hoto. Har yau akwai masu sayarwa a intanet da ke maimaita wannan kuskure, don suna kwafar bayani daga junansu yadda suke kwafar hoton.

Maganar ta sake tashi ne ta dalilin fosta. A ƙarshen shekarun 1990 wata mata a jihar North Carolina ta ga kwafin hoton, ta ce wannan ya yi kama da aikin mahaifinta, Charles C. Ebbets, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1978, kuma ya yi aikin ɗaukar hoto a Rockefeller Center a 1932. Ta tuntuɓi Corbis. Kamfanin ya ɗauki masu binciken ƙwaƙwaf, iyalin suka fito da takardar biyan albashi ta shekarar, da hoton Ebbets riƙe da kamara a saman gini. A 2003 Corbis ya amince, ya sa sunansa. Masu fosta suka bi sahu.

Bayan wasu shekaru sai aka tabbatar cewa ba shi kaɗai ya hau sama ran nan ba. Thomas Kelley da William Leftwich su ma suna wurin da kamarorinsu. Takardun iyalin sun nuna Ebbets yana wurin aiki, amma ba su nuna cewa wannan faranti daga kamararsa ya fito ba. Corbis ya janye, ya mayar da hoton sahun waɗanda ba a tabbatar da mai su ba. Sai dai fostocin da aka buga ba a janye su daga bango. Yau a kasuwa ɗaya za ka tarar da firam mai sunan Hine, da mai sunan Ebbets, da wanda babu suna, kowanne yana nuna shekarun da aka kwafo bayaninsa. A ganina mai gaskiya a cikinsu shi ne wanda ya rubuta cewa an fi danganta shi ga Ebbets amma ba a tabbatar ba. Irin wannan rubutu ba ya jan mai saye, shi ya sa yake wuyar gani.

Firam a bangon wata mashaya

Hoton da ya yi suna ba ya rasa dangi. Iyalai daga wurare da dama sun fito sun ce nasu yana kan ƙarfen nan: 'yan Ailan, da 'yan Newfoundland ta Kanada, da 'yan Sweden, da 'yan Slovakia, da 'yan ƙabilar Mohawk na Kahnawake kusa da Montreal, waɗanda da ma an san su da aikin ƙarfe a dogayen benayen Niyok. Masu da'awa sun fi wuraren zama yawa. Mutumin ƙarshe mai kwalba kaɗai, wani ƙauye a Ailan yana cewa ɗansa ne, wani ƙauye a Slovakia shi ma yana cewa nasa ne, har an sa hoton a dutsen kabarin wanda suke nufi.

Mafi shahara a cikin da'awowin ta fito ne daga wani firam. A ƙauyen Shanaglish na gundumar Galway a Ailan, akwai kwafin hoton rataye a wata mashaya, tare da rubutun hannu na wani Ba'amurke ɗan asalin ƙauyen, yana cewa na ƙarshe a dama mahaifinsa ne, na ƙarshe a hagu kuma surukin gidansu ne, dukansu sun bar ƙauyen zuwa Amurka a shekarun 1920. Wasu 'yan'uwa 2, Seán da Éamonn Ó Cualáin, masu shirya finafinan gaskiya, suka ga firam ɗin, suka bi diddigin maganar har Niyok da ramin Pennsylvania. Fim ɗinsu ya fito a 2012.

Ba su sami takardar da ta tabbatar da mutanen Shanaglish ba. Kamanni akwai, labarin iyali akwai, amma babu rajistar ma'aikata da za ta yanke magana. Abin da suka samu ya zo ta wata hanya dabam. A ma'ajiyar Rockefeller Center, da taimakon mai kula da ita Christine Roussel, aka ciro wasu hotuna na rana ɗaya waɗanda bayaninsu na asali yana nan tare da su, har da sunaye. Da aka gwama fuskoki sai aka gane mutum 2: na 3 daga hagu Joseph Eckner ne, na 3 daga dama Joe Curtis. Sauran 9 suna nan a matsayin da'awa.

Wannan shi ne wurin da na fi so a lura da shi a duk lamarin. Sau biyu kwafin da ke bango ya tayar da bincike: fostar da 'yar Ebbets ta gani, da firam ɗin mashaya. Wannan amfani ne na gaske, kuma masu raina fosta su sani cewa ba don ita ba da babu wanda zai tambaya. Amma sau biyun, kwafin bai iya yanke hukunci ba. Dubun dubatar kwafi ba su ba da suna ko ɗaya ba. 'Yan layukan da wani ma'aikaci ya rubuta a 1932, a jikin hotunan da ba su yi suna ba, su suka ba da 2.

Abin da ke cikin katakon

Mai saye yakan ɗauka duk ɗaya ne, tunda hoton ɗaya ne. Ba haka ba ne. Akwai hoton da aka wanke a zamanin da aka ɗauka, sau da yawa da hatimin kamfani da bayani manne a baya. Wannan kayan gidajen gwanjo ne da gidajen tarihi. Akwai wanda aka wanke daga baya a ɗakin duhu, a takardar hoto mai sinadarin azurfa. Sai kuma na firinta da na injin buga fosta, wanda shi ne kusan duk abin da ake gani a shaguna. Babu laifi a na ukun muddin an faɗa wa mai saye cewa shi ne.

A cikin na ukun ma akwai hawa-hawa, kuma fayil ne farkon bambanci. Fosta mai faɗin inci 36, kimanin santimita 91, tana buƙatar fayil mai ɗigo 5,400 a faɗi in ana son ɗigo 150 a kowane inci, wanda shi ne gwargwadon abin da zai yi kyau a bango. Wanda ya sauko da hoto mai ɗigo 1,000 daga intanet ya ja shi zuwa wannan faɗi, abin da ya rage masa bai kai ɗigo 30 a inci ba. Daga nesa ba laifi. Matso kusa ka ga fuskoki sun narke, tagogin gine-ginen baya sun zama tabo. Yanzu kuma an shigo da manhajoji masu ƙara wa hoto kaifi, waɗanda ke cike giɓi da hasashe. A hoton da ake gardamar fuskokinsa, wannan ɓarna ce ta musamman: manhaja za ta iya ba mutum ido da hancin da ba nasa ba, gobe wani ya rantse kakansa ne. Haka ma kwafin da aka yi wa launi. Babu wanda ya rubuta launin rigunan mutanen nan a 1932. Mai launin ne ya zaɓa.

Sai yanka. Firam na kanti yana da girmansa tsayayye, hoton kuwa yana da nasa, to sai a datse hoton ya shiga firam, kamar telan da ya rage yadi don ya dace da aljihun mai ɗinki. Akwai kwafi dogaye masu siririn tsayi da suka yanke rabin birnin da ke ƙasa, alhali wannan sarari da ke ƙarƙashin takalman shi ne ran hoton.

Tawada da takarda su ne masu yanke tsawon kwana. Tawada mai rini tana koɗewa da wuri in haske na dukanta, baƙi ya koma kore-kore ko ja-ja; mai garin launi ta fi juriya nesa ba kusa ba. Takardar da aka yi da ɓawon itace mai arha tana da sinadarin da ke sa ta yi rawaya ta yi gautsi, ta auduga kuwa ba ta da wannan ciwo. A firam mai kyau ana sa kwali mai taga tsakanin hoto da gilashi, ba don ado kaɗai ba, don kada hoton ya taɓa gilashin. In ya taɓa, laima ta shiga, sai ya manne, ranar cirewa fuskar hoton ta biyo gilashi. Salatif da gam na yau da kullum suna barin tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Allon baya na garin katako yana shan laima yana kuma fitar da tsami. Gilashi mai tace hasken rana yana taimakawa, amma ko da shi bangon da rana ke duka ba wurin hoto ba ne.

Duk waɗannan suna cin kuɗi, kuma ana iya fahimtar mai sana'ar da ya rage wani abu don farashi ya sauka. Abin da ba shi da uzuri shi ne bayan firam da aka bari fayau. 'Yar takarda mai layi 4 ta isa: ginin RCA, hawa na 69, 20 ga Satumba 1932, daga taskar Bettmann, ba a tabbatar da mai hoto ba, kwafin firinta ne, an buga a shekara kaza. Kuɗinta bai kai na ƙusar da za a rataye firam ɗin ba.

Na wa ne?

A dokar Amurka ta lokacin da aka ɗauki hoton, aikin da aka buga yana samun kariyar haƙƙin mallaka na shekara 28, sai an sabunta rajista kafin ya sami ƙari. Wanda aka buga a 1932 ba a sabunta ba, kariyarsa ta ƙare tun 1960. Wanda aka sabunta, gyare-gyaren doka na baya sun kai wa'adinsa shekara 95. Wannan ne ya sa ake ganin abu biyu a lokaci guda: wasu shafuka suna raba hoton kyauta a matsayin kayan kowa, Getty kuma yana karɓar kuɗin lasisi a kansa.

Akwai kuma hukuncin da wata kotun tarayya a Niyok ta yanke a 1999, a shari'ar Bridgeman Art Library da kamfanin Corel, cewa wanda ya ɗauki kwafi sak na hoton da ya riga ya zama na kowa bai sami sabon haƙƙi a kan kwafin ba, komai wahalar da ya sha, domin bai ƙirƙiri komai ba. Wato yin sikanin ba ya mayar da tsohon hoto mallakar mai na'ura. Sai dai doka ba ta tilasta wa taska ta buɗe ƙofarta. Mai riƙe da gilashin da kwafi mafi tsabta yana iya sa sharaɗi a yarjejeniya kafin ya miƙa fayil, kuma manyan masu buga fosta suna biya, wani don gudun shari'a, wani don fayil ɗin ya fi na titi kyau.

A kwatanta da hotunan da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin ɗauka a shekarun karayar, waɗanda ke Laburaren Majalisar Dokoki a Washington. Su kowa na iya sauko da babban fayil kyauta, tare da lambar ajiya da bayanin asali, kuma akwai ƙananan kamfanoni da sana'arsu ke nan: su sauko, su goge ƙura da karce, su buga, su sa a firam. Mai saye a can yana iya ɗaukar lambar ya je ya duba da kansa. Hoton maza 11 bai bi ta wannan hanya ba, kayan kamfani ne tun ranar farko.

Ko ta wace fuska aka duba maganar sabuntawa, wa'adin shekara 95 na ayyukan 1932 zai cika a ƙarshen 2027. Daga 1 ga Janairun 2028 gardamar haƙƙin mallaka a Amurka ta ƙare, kowa na iya bugawa ya sayar. Kwafi za su ƙaru, masu launi da masu kaifin manhaja za su ƙaru, firam masu sunan Hine da Empire State ma ba za su ɓace ba. Gilashin da manyan kwafinsa kuwa suna nan a Boyers, kuma mai son fayil daga can zai ci gaba da biya.